Komai Nisan Jifa

Daren da labari ya bazu cewa Ahmed Musa ya sake dawowa Kano Pillars, a watan Oktoban 2024, ina zaune a teburin mai shayin da muke taruwa a Fagge, can bayan Wapa. Samari sun kaure da musu. Wasu na cewa Sai Masu Gida sun tsinci dami a kala, wasu na cewa ai ƙafa ta riga ta mutu, suna kawai aka kawo mana. Akwai wani dattijo a gefen benci, tsohon ɗan kasuwar Kwari, wanda ya kalli Raccah Rovers da idonsa a shekarar da suka ɗauki kofin ƙasa, 1978. Bai sa baki ba sai da ya shanye shayinsa, sannan ya ce, "Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo."

Wani yaro ya ce, "Haba Baba, kai ma zagin sa za ka yi?"

Ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka zagi ne?"

Tun daga ranar nake juya maganar. Mun saba jawo wannan karin magana a wajen gori ko gargaɗi: ga azzalumin da ke ganin ba mai taɓa shi, ko maƙaryacin da asirinsa ya kusa tonuwa. Shi ya sa yaron ya ji ta kamar jifa aka yi wa gwaninsa. Amma kalmar ƙasa a bakin Bahaushe fuska biyu gare ta. Akwai ƙasar da ake takawa, wadda duk abin da ya yi sama zai komo kanta. Akwai kuma ƙasar da aka binne cibiyar mutum, ko wadda ta rene shi. Ina zaton dattijon duka biyun yake nufi.

A duba nisan jifan tukuna. An haifi Ahmed Musa a Jos a 1992, amma daga Kano aka wurga shi. A kakar 2009/2010 ya zura ƙwallo 18 a rigar Pillars, yana yaro bai kai ashirin ba, kuma babu wanda ya ci kamarsa a gasar ƙasa a wannan kakar. Daga nan sai VVV-Venlo a Holan, sai CSKA Moscow a Rasha a 2012. Ya ɗaga Kofin Nahiyar Afirka da Super Eagles a 2013. A Kofin Duniya na 2014 ya ɗura wa Ajantina biyu, a na 2018 ya ɗura wa Iceland biyu. Wanda yake gidajen kallon Sabon Gari a yammacin wasan Iceland zai tuna yadda aka yi ta kifar da bencina, Bahaushe da Inyamuri da Bayarabe suna rungumar juna ba wanda ya tambayi wani sunansa.

To ga abin da yara masu harbin tsuntsu da danƙo suka sani, mu manya muke mantawa. Dutse ba a ƙololuwa yake fara rasa ƙarfi ba. Tun barin sa hannu gudunsa ke raguwa, sai dai ido ba ya gani saboda har yanzu sama yake yi. Lokacin da Leicester City ta saye shi a 2016, tana riƙe da kofin Firimiya, a nan muka ɗauka yanzu aka fara. Har ya ci Barcelona biyu a wasan share fage, gari ya ɗauka. Amma zaman Ingila bai karɓe shi ba. Benci ya fi fili yawa, har aka mayar da shi Moscow aro a farkon 2018. Ƙwallayen Iceland sun zo bayan wannan, shi ya sa suka rufe mana ido. Sai Al-Nassr ta Saudiyya, sai 'yan watanni ba ƙungiya, sai gajeren zama a Pillars a 2021, sai Turkiyya: Fatih Karagümrük, sannan Sivasspor. Kowane mataki in ka ɗauke shi shi kaɗai ba faɗuwa ba ne. Sai ka jera su za ka ga inda dutsen ya dosa.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne Kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024. Shi ne kyaftin a takarda, shi ne wanda ya fi kowa buga wa Najeriya wasa a tarihi, amma har aka kai wasan ƙarshe a Abijan, inda masu masaukin baƙi suka ci mu biyu da ɗaya, bai taka fili ba. William Troost-Ekong ne ke ɗaura ƙyallen kyaftin. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ci masa fuska. Girmama shi ma ake yi. Haka tsufan ɗan wasa yake zuwa, da ladabi. Yau a ce ka huta saboda wasa mai zuwa, gobe a sako ka saura minti goma, jibi a ce kai ne uban yara a ɗakin sauya kaya.

Dalilin kuwa a jiki yake. Jarin ɗan wasan gaba irin Musa gudu ne, kuma gudu shi ne baƙon da ke fara sallama. Taku uku ko huɗun farko da yake barin ɗan baya a tsaye, su ke fara tafiya. Tsokar bayan cinya ta fara ƙorafi. Gajiyar da da barcin dare ɗaya ke wanke ta, yanzu sai ta kwana uku. Abin takaicin shi ne kai ƙara kaifi yake yi a daidai lokacin da ƙafa ke dakushewa. Yana hango gurbin tun kafin kowa ya hango, ya san inda ƙwallo za ta sauka, sai ya isa ya tarar wani yaro ɗan shekara sha tara ya riga shi da rabin taku. 'Yan kallo su yi tsaki su ce ya yi sanyi. Shi kaɗai ya san ya ba da duk abin da ke jikinsa.

A nan dole a kawo Rabiu Ali, wanda Kanawa ke kira Pele. An haife shi a 1980, ya girmi Musa da shekara goma sha biyu, amma ya haura arba'in yana ci wa Pillars ƙwallo. Yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014, ya ɗaga Kofin Aiteo a 2019, ya ga faɗawar ƙungiyar rukuni na ƙasa a 2022 da dawowarta a 2023. Me ya sa nasa jifan ya daɗe a sama? A ganina abu biyu ne. Wasansa bai taɓa jingina ga gudu ba, ido ne da raba ƙwallo da bugun tazara da fanareti, waɗanda shekaru ba sa saurin ci. Na biyu, ba a wurga shi nesa ba, don haka ba a auna shi da Ajantina. Shi Musa da inuwarsa ta 2018 yake takara duk ranar da ya sa takalmi, kuma inuwa ba ta tsufa.

Akwai kuma wanda ya faɗo bai sami inda zai sauka ba. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya, a ragar Bulgeriya a 1994. Ya dawo gasar gida har ya buga wa Gateway a 2005 yana da shekara 41. Ya rasu a 2012 bayan shekarun kaɗaici a Ibadan, Allah ya jiƙansa. Jama'ar da ta yi ta ihun sunansa ba ta tuna da shi sosai ba sai da aka ce ya tafi.

Idan aka auna da wannan, Musa ya faɗo a kan taushi. Wasansa na farko bayan dawowar 2024, ya ci Sunshine Stars biyu, masu cewa ƙafa ta mutu suka yi shiru na mako guda. A watan Yulin 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa shi janar manajan ƙungiyar, bai kuwa rataye takalmi ba. A nan nake da ɗan ja. Karamci ne, kuma ya cancanci karamci. Amma kocin da ke ƙarƙashin ofishinka, da wane baki zai ce maka yau benci za ka zauna? Mu Kanawa akwai kara, kuma kara ita ke hana a gaya wa gwani gaskiya a kan lokaci. Sai a bari 'yan kallo su faɗa masa daga kan tudu, su kuwa ba su iya sakaya zance ba.

Kwanan baya na bi ta filin wasa na Sabon Gari da sassafe, kafin kasuwa ta buɗe. Yara sun cika wajen, wasu da takalmi ƙafa ɗaya, wasu da rigar gwanjo mai lamba bakwai. Wani siriri ya karɓi ƙwallo a gefe, ya tura ta gaba, ya bi ta da gudun da ya sa manyan da ke jingine da waya suka miƙe tsaye. Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya tambaye ni ko na san ɗan gidan waye.