Sana'ar Na'ura Mai Basira: Riba da Alhaki

A ƙarshen shekarar 2022 wani kamfani na Amurka mai suna OpenAI ya fito da wani abu da ake kira ChatGPT. Kana rubuta masa tambaya cikin salula, ya ba ka amsa kamar mutum. Irin wannan aiki shi ake ce ma ƙirƙirarriyar basira. Yanzu samari da yawa suna tambaya: wace sana'a za mu yi da ita mu samu kuɗi? Tambayar tana da kyau. Amma akwai wata a bayanta: wace riba ce mutum zai ci ya kwana da hankali kwance?

Mu fara da sanin abin. Na'urar nan ba aljani ba ce, ba kuma malami ba ce. An ɗura mata rubuce-rubuce masu yawan gaske, har ta koyi yadda kalma ke bin kalma. Mafi yawan rubutun na Turanci ne, na Hausa kaɗan ne. Ba ta taɓa riƙe hauya ba, ba ta taɓa cin kasuwar Maraɗi ba. Wani lokaci tana faɗin abin da ba haka yake ba, kuma ta faɗe shi ba tare da shakka ba.

In ka ce mata ta ba ka sana'a goma, nan take za ta jero maka. Amma za ta iya jero ma mutum dubu irin su. Mai ɗaki shi ya san inda ɗakinsa ke yoyo. Saboda haka mai neman sana'a ya fara da zagaya garinsu, ya duba abin da ke wahal da mutane.

Ga misali daga wata ƙasa. Cuta tana ɓata rogon manoma a gabashin Afirka, ga malaman gona ba su wadata ba. Sai masu bincike na wata jami'ar Amurka da abokan aikinsu suka yi wata manhaja ta salula mai suna Nuru. Manomi ya nuna ma salula ganyen rogo, ita kuma ta gaya masa alamar cutar, ko babu intanet. Kun ga, wahalar manomi ce ta haifi aikin.

Mu ma muna da namu yoyon. Takardar gwamnati ta zo da Faransanci, tsoho ya rasa mai karanta masa. Ƙungiyar mata masu tatsar man gyaɗa ta rasa mai tsara mata lissafi. Mai albasa a Galmi yana son ya san ko ya sayar lokacin girbi da kuɗi ya faɗi, ko ya zuba a rudu ya jira. Saurayin da ya iya karatu yana iya amfani da na'ura ya rubuta wasiƙa, ya fassara takarda, ya tsara lissafi. Amma kuɗin albasa na yau, sai ya tambayi ƴan kasuwa tukuna.

To, wani zai ce: wannan ai cin riba ne da jahilcin mutane. Maganar tana da nauyi, kada mu yi saurin yar da ita. Mu tuna da masu rubuta wasiƙa da ke zama a bakin gidan waya. Suna karɓar lada, ba wanda ya ce haram suka ci. Dalili kuwa, sun yi aikin da ake bukata, sun rubuta abin da aka faɗa musu, sun rufe sirrin mutane. Laifi yana ga wanda ke ɓoye ma mutane yadda abin yake, don su yi ta dogara da shi. In ka ce ma tsohuwa kana da wani asiri, alhali salula ka tambaya, ka yaudare ta ko da amsar ta yi daidai.

Saura babbar tambaya. A ce manomi ya kawo kwalbar maganin ƙwari, ya biya ka dala ashirin don ka gaya masa awon da zai zuba. Ka tambayi na'ura, ta yi kuskure, wakensa ya ƙone. Wa ke da alhaki? Kamfanin yana bayan teku, kuma ya riga ya rubuta gargaɗi cewa na'urarsa tana iya kuskure. Na'ura ba ta jin kunya, ba a kai ta gaban mai gari. Manomin nan fuskarka ya gani, hannunka ya ba kuɗi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Alhakin yana wuyanka.

Saboda haka, kafin ka kafa irin wannan sana'a, ka auna ta da abu uku. Na farko, akwai wanda ke shan wahalar nan da gaske, har zai biya da daɗin rai? Na biyu, kana iya gane kuskuren na'ura in ta yi? Wanda bai ji Faransanci ko kaɗan ba, kada ya sayar da fassara. Na uku, in an yi kuskure, me za a rasa? Wasiƙar gaisuwa ana sake ta. Awon maganin yaro kuwa, wannan aikin likita ne, ka tura mutum can. Maganin gona kuma, a tambayi malamin gona.

Mu da muka shiga yaƙi da jahilci da girmanmu, muna da rabo a nan. Wanda ya iya karatu yana iya cewa: ba ni in gani da idona. Mai sana'ar kirki ba ya jin tsoron wannan magana. Shi ne ma zai karanta maka abin da aka rubuta da sunanka kafin ka sa hannu.

Allah shi ba mu sana'a mai albarka, shi tsare mu da cin haƙƙin wani.