Kama Da Wane Ba Ta Wane: Dikko Likita Da Dikko Ɗan Siyasa

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Shi ya sa uba ba ya raɗa wa ɗansa suna da ka, sai ya dubi wani mutumin kirki, malami ko kaka ko amini, ya yi masa takwara, da fatan yaro ya ɗebo wani abu daga halin mai sunan. Shi kuma wanda aka yi wa takwara ya san an ɗora masa nauyi, tun daga rigar salla har zuwa tsawatarwa in yaro ya kauce hanya. Wannan ita ce takwarar da aka ƙulla da gangan. Amma akwai wata wadda ba wanda ya ƙulla ta, tarihi ne kurum ya haɗa mutum biyu a kan suna ɗaya ya bar su. Tambayarmu a nan ita ce, shin akwai wani bashi tsakanin irin waɗannan? In ɗaya ya yi abin yabo ko na zargi, ɗayan yana da kaso a ciki?

Mu ɗauki sunan Dikko. A ƙasarmu laƙabi ne da Fulani ke yi wa ɗan fari, kamar yadda ake kiran na biyu Sambo. Wato ba ya nuna jarumtaka ko ilmi, iyakarsa ya gaya mana wane ne ya riga fitowa daga ɗakin uwarsa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya amsa wannan suna, amma yau ba shi muka nufa ba.

Na farkon mutanenmu shi ne Dokta Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912. Ya tashi a Wusasa ta Zariya, ya yi karatu a makarantar mishan ta can, ya wuce King's College ta Ikko, daga nan sai Jami'ar Birmingham a Ingila. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, a lokacin da mutanenmu da yawa ke ganin shiga asibiti kamar yin sallama da duniya ne. Da 'yan bokon Arewa suka haɗu suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, su Malam Abubakar Imam da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano duk suna cikin tafiyar, shi aka ba shugabanci. Mai karatu ya lura da kyau: Kirista ne, taron kuwa galibi na Musulmi ne, amma suka sa shi gaba. Mu da ke cikin wannan zamani ya kamata mu ɗan ji kunya a nan. Ƙungiyar ce ta rikiɗa ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A zamanin Janar Gowon ya riƙe ma'aikatar ma'adinai da lantarki ta tarayya, daga baya kuma ta sufuri. Ya rasu a 1977.

Na biyu shi ne Alhaji Umaru Dikko, wanda aka haifa a 1936, shi ma mutumin ƙasar Zazzau. Ya yi karatun lissafi a Landan, ya taɓa aiki a sashen Hausa na BBC, sannan ya zama ministan sufuri a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari daga 1979 zuwa 1983, kuma shi aka danƙa wa kwamitin shigo da shinkafa. Da soja suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba, 1983, sai ya tsere Ingila, sabuwar gwamnati kuwa ta zarge shi da wawure dukiyar ƙasa, zargin da ya musanta. Ranar 5 ga Yuli, 1984, wasu mutane suka sace shi a ƙofar gidansa a Landan, suka yi masa allurar barci, suka rufe shi cikin akwatin katako don a loda shi a jirgin da zai taso Ikko. Sakatariyarsa ce ta hango abin ta kira 'yan sanda, ma'aikatan kwastan na filin jirgin Stansted suka buɗe akwatin.

To, ga mutum biyu, suna ɗaya, ƙasa ɗaya, kai har ma'aikata ɗaya, domin duk wanda ya rubuta "Dikko, ministan sufuri" bai sa shekara ba, bai gaya mana komai ba tukuna. Mu da ke koyarwa mun san abin da ke faruwa in an ambaci sunan a aji. Yaran da suka taɓa jin sa za su ce, "Ai shi ne wanda aka sa a akwati." Likitan kuwa, in an yi sa'a, wani ya ce sunan wani asibiti ne a Kaduna, kamar dai gini ne ba mutum ba.

Me ya jawo haka? Muna ganin dalilin yana cikin yanayin aikin likita ne. In likita ya yi nasara, sakamakon shi ne ba abin da ya faru: yaron da ƙyanda ba ta kashe ba ya girma ya yi aure, bai ma san an cece shi ba, balle ya ba da labari. Akwati kuwa yana da mugu, yana da tsoro, yana da kuɓuta a daƙiƙar ƙarshe, duk abin da mu marubuta ke nema. Saboda haka mu ma muna da hannu, tunda alƙalaminmu ya fi son inda ake hayaniya.

Kada a ɗauka muna so mu raba su ne, mu ce wannan fari wancan baƙi. An ce wake ɗaya ke ɓata gari, amma wannan magana ta mutanen da ke tukunya ɗaya ce, su kuwa suna kaɗai suka haɗa. Barau bai ci bashin shinkafa ba, Umaru kuma bai gaji ladan asibiti ba. Hasali ma shi kansa Umaru an tauye shi: ya yi shekara 77 a duniya kafin ya rasu a Landan a 2014, amma an dunƙule rayuwar duka a yini guda. Wanda zai hukunta shi kan yadda ya riƙe amanar jama'a yana da damar yin haka, sai dai ya zo da hujja, domin shiga akwati ba ta tabbatar da laifi, ba ta kuma wanke shi.

Ainihin takwaran Barau da ya kamata mu tuhuma wani ne daban. Da aka buɗe akwatin nan, ba Umaru kaɗai aka tarar ba. A gefensa akwai wani likita ɗan Isra'ila, gwanin allurar barci, wanda aka ɗauko don ya ci gaba da sumar da shi, ya kuma tabbatar numfashinsa bai yanke ba har a sauka. Wannan mutum ba Dikko ba ne, amma yana amsa sunan da Barau ya sha wahalar shekaru kafin ya samu, wato likita. Dikko suna ne da ake ba jariri ba a tambaye shi ba. Likita kuwa suna ne da baligi ke ɗauka da rantsuwa, kuma a kan wannan suna ne mace ke miƙa ɗanta ga baƙon da ba ta taɓa gani ba ya soka masa allura. Amanar da ta sa ta yarda ba ta mutum ɗaya ba ce, jari ne da dukan masu sunan suka tara tare, wanda ya ci kuwa daga aljihun kowa ya ɗiba.

Wani zai ce ai da ba don likitan ba, da Umaru ya mutu a hanya, saboda haka rai ya tsare. Mu dai ba mu gamsu ba. Da masu satar ba su sami likitan da zai yarda ba, da wuya su yi ƙarfin halin rufe mutum mai rai a akwati na tsawon tafiya daga Ingila zuwa Nijeriya. Iliminsa ne ya sa dabarar ta yiwu. Kotun Ingila ta ɗaure mutum huɗu kan wannan sata, uku 'yan Isra'ila da ɗan Nijeriya ɗaya, shi likitan ya sami shekara 10.