Iri ba a cin shi

Ya kai mai karatu, ga tambaya. Wani talaka ne a Tebaram, rumbunsa ya kusa ƙarewa tun damina ba ta faɗi ba. Yana da ɗa mai shekara goma a lakkwal. Ya bar shi ya yi karatu, ko ya fid da shi ya yi kiwon awakin mutane a samu ɗan abin miya? Wanne ne daidai?

Kada mu yi gaggawar zargin uban. Yunwa ba tatsuniya ba ce a ƙasar Adar. Tsofaffi sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da bisashe suka mutu. Matasa sun ga wahalar 2005, bayan fara ta ci gonaki. Kuma gaskiya ne, ba duk wanda ya yi lakkwal ke samun aikin gwamnati ba.

Amma ka tuna da al'adar manomi. Komai tsananin yunwa, ba ya daka irin shuka. Yana ganin damen gero a rataye, cikinsa na kuka, ya kau da kai. Ya san in ya ci iri, yunwar bana ta zama ta baɗi. Shekara shida na ƙaramar makaranta, irin yaro ke nan.

Yaron nan wata rana zai tafi bida, ko Abijan ko Libiya, kamar yayyensa. In bai iya karatu ba, wani zai karanta masa takardar bashi, wani ya lissafa masa ladan aikinsa, ya dangwala yatsa bai san abin da ya yarda da shi ba. Ɗiya mace kuwa, in ta zama uwa, ita za ta duba takardar magani da ranar rigakafi. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, ta koyar da matan ƙauye tun kafin zuwan Nasara.

Yau akwai jami'a a Tawa, mai sunan Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar. Ƙofarta daga ajin farko take.

Kai da ka koyi baƙi da girmanka, ka san zafin jira a karanta maka wasiƙa. In rumbu ya yi ƙasa, ku yi shawara da dangi da mushen lakkwal kafin a fid da yaro. Kiwo ya yi shi da marece da ranar hutu. Da safe, ka bar shi ya tafi.