Shin Ido Yana Cin Haƙƙi?

Mun saba ɗaukar kallo a matsayin abin da ba ya cutar da kowa. Idan ba ka taɓa ba, ba ka ɗauka ba, sai a ce hannunka a wanke yake. Yawon kallon dolfin a cikin jirgin ruwa yana sa mutum ya sake auna wannan magana.

Dolfin dabbobin teku ne masu shayar da 'ya'yansu, kuma dole su riƙa fitowa saman ruwa su shaƙi iska. Shi ya sa rabin ƙwaƙwalwarsu ke barci, rabi na farke. Da sauti suke gane hanya da abinci, don haka ƙarar inji a wurinsu kamar hayaƙi ne a ido.

A Hawai da ke Amurka akwai wani nau'insu da ke farauta da dare, ya dawo kusa da gaɓa ya huta da rana, daidai lokacin da jiragen 'yan yawon buɗe ido ke fitowa. A 2021 gwamnatin ƙasar ta hana kusantar su ƙasa da yadi 50. Babu wanda ya doke su. Barci kawai aka hana su, kuma da sunan ƙauna.

Sai dai batun yana da wata fuska. A ƙauyen Kizimkazi na tsibirin Zanzibar, masunta sun kasance suna farautar dolfin, har kuɗin masu zuwa kallo ya maye gurbin farautar a shekarun 1990. A nan kallo ne ya ceci rai. Amma da jirage suka yi yawa, kowane matuƙi na son baƙonsa ya samu hoto, sai aka koma bin dabbobin a guje.

Mu masu rubuta manhaja mun san cewa duk abin da aka ɗora don sa ido a kan na'ura, daga ƙarfin na'urar yake ci. Kallo ma haka yake: akwai mai biyan kuɗinsa, kuma sau da yawa wanda ake kallon ne.

A ganina, ma'aunin shi ne ko dabbar tana da damar tafiya abinta. Matuƙin da ya rage gudu, ya tsaya nesa, ya bar dolfin su zaɓi zuwa ko ƙi, baƙo ne mai sallama. Wanda ya tare musu hanya kuwa ya faɗa gidan mutane ba izini, ko da kyamara ce kawai a hannunsa. Tikitin da ka saya haƙƙin zama a jirgi ya ba ka. Idan ba su fito ba a ranar, ba su ci bashinka ba.