Hannun Da Ba A Kama Ba

A 'yan shekarun nan an sami wasu sababbin masu walda a ƙasar Damagaram, waɗanda ba walda ke ciyar da su ba. Wani malamin lakkwal ne, wani mai kanti, wani kuwa ma'aikaci ne da ya aje aiki ya koma gida Durum, ko wani gari na gundumar Mirya. Sha'awa ce ta kawo su, da kuma arahar kayan aiki. A da injin walda ƙato ne, sai mutum biyu sun ciccibe shi. Yanzu ana kawo ƙanana daga ƙasar Sin, waɗanda yaro ma ke ratayawa a kafaɗa. Mutum ya saya a Zandar, ya ɗaura bayan babur, ya nemi injin wuta da sandunan walda, sa'an nan ya buɗe wayarsa ya ga yadda ake yi a bidiyo. Kafin wata biyu ya gyara ƙyauren gidansa, ya yi wa uwargida murhu da kujera 'yar tsugunno.

Wannan abin yabo ne, kada wani ya raina shi. Mutumin da ya koya wa kansa abu da girmansa ya fi wanda ke kashe yini gindin bishiya yana ƙirga motoci. Amma labarin ba ya tsayawa kan murhu. Ran nan sai maƙwabci ya zo da amalanke, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafunta ya tsage, ga kasuwa gobe, ga Zandar da ɗan nisa. Ya ce, "Malam, tun da Allah ya hore maka inji, taimaka ka ɗan liƙa mini." Ba kuɗi za a biya ba, zumunci ne. To, a nan maganarmu take. Mutumin da babu wanda ya taɓa kama hannunsa, babu wanda ya taɓa duba aikinsa ya ce masa ya yi ko bai yi ba, ya halatta ya liƙa ƙarfen da mata da yara za su hau kansa?

Kafin mu amsa, sai mu san abin da walda take. Idan sandar ta kusanci ƙarfe, wutar lantarki na tsallakawa tsakaninsu da zafin da ya haura digiri 3,000, alhali ƙarfe na narkewa wajen digiri 1,500. Bakin ƙarfen nan biyu ya narke, sandar ma ta narke, duka su gauraya cikin wani ɗan tafki da bai wuce ƙwayar wake ba. Garin da aka lulluɓe sandar da shi yana ƙonewa ya kare tafkin daga iska, kana ya taso sama ya daskare ya zama kashin maƙera, wanda ake ƙwanƙwashewa daga baya. Wani mutumin ƙasar Suwidin, Oscar Kjellberg, shi ya ƙago irin wannan sanda mai lulluɓi a farkon ƙarni na 20. Aikin duka yana cikin ɗan tafkin nan. In wuta ta yi kaɗan, narkakken ƙarfe ya kwanta bisa kawai, bai shiga ciki ba. In ta yi yawa, ta ci gefen ƙarfen ta bar kwari, nan ne tsaga za ta soma. In hannu ya yi sauri, ɗinki ya fito siriri. In sandar ta sha damshi, ciki ya cika da ƙananan ramuka kamar burodi. In ba a share kashin maƙera ba aka sake bi ta kai, an binne datti ke nan a tsakiyar ƙarfe.

Abin da ya sa walda ta bambanta da sauran sana'o'i shi ne, yawancin waɗannan aibobi ba sa fitowa fili. Tela in ya ɓata riga, mai riga zai gani tun bai sa ba. Magini in bangonsa ya karkace, kowa na wucewa zai nuna. Amma walda marar kyau tana iya fita sumul, a shafa mata fenti, ta yi shekara tana ɗauke da kaya. Ba ta faɗin ranar da za ta saki.

Ga misali daga nesa. Ran 27 ga Maris, 1980, a Tekun Arewa, wani dandamalin ƙarfe na ƙasar Norwe mai suna Alexander Kielland, inda ma'aikatan haƙar mai ke kwana, ya kife cikin ruwa. Mutum 212 ke kansa, 123 suka mutu. Ƙafa biyar gare shi, ɗaya ta ɓalle. Da aka bincika sai aka tarar tsagar ta faro ne daga wata 'yar walda mai kaurin milimita 6, wadda aka liƙa wata ƙaramar na'ura da ita jikin ɗaya daga ƙarafan da ke tokare ƙafar. Har fenti aka samu a cikin tsagar, watau tun wurin ƙira take, kafin a miƙa dandamalin a 1976. Masu sana'a ne fa suka yi wannan aiki, a babbar ma'aikata, da masu dubawa. In aibi ya iya ɓuya wa irin waɗannan shekara huɗu, ina ga mutum ɗaya a zaurensa, wanda alƙalinsa idonsa ne kaɗai?

Wani zai ce ai bidiyo ma malami ne. Gaskiya ne, yana koyar da abubuwa da yawa, wani lokaci ma fiye da abin da mai gareji zai iya bayyanawa da baki. Zai gaya maka sanda mai milimita 2.5 tana son wuta ƙasa da mai 3.2, zai nuna maka yadda ake karkata hannu. Abu ɗaya ne ba ya iyawa: ba ya ganinka. Kai kana kallonsa, shi ba ya kallonka. In ka saba ɗaga sanda da nisa, haka za ka yi ta yi shekara biyar, kana ƙara gwaninta a kan kuskure, kana kuma jin daɗin kanka. Gwani kuwa ko baya ya juya, daga ƙarar wutar zai ce maka, "Matso da ita." Ya zo ya dafa wuyan hannunka, ku ja layi ɗaya tare, jikinka ya ji abin da kunne ya kasa ɗauka. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma bai isa wane ya iya walda ba.

Kakanninmu sun san da haka. Ƙira a ƙasar Hausa gado ce, yaro na tashi a maƙera yana zuga, shekaru yana kallon launin ƙarfe cikin gawayi kafin a ba shi awartaki, balle masaba. Ba mugunta ce ta sa ake jinkirta masa ba. Sanin lokacin da ƙarfe ya nuna ba ya shiga ta baki. Da irin wannan horo ne maƙeran Damagaram suka kai ga zuba igwa a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu a 1884. Igwa kuwa in ta tashi fashewa ba ta tambayar wa ya ƙera ta, na kusa da ita take ci. Da amalanken ƙarfe da garmar shanu suka yaɗu a karkara, a shekarun da masana'antar UCOMA ta Zandar ke ƙera su, aikin gyara ya koma hannun masu walda, su ma suka ɗauki tsarin maƙera: a kawo yaro, ya yi shara, ya yi aike, ya riƙe ƙarfe, ya goge tsatsa, sai an ga hankalinsa a ba shi sanda.

To, amsar tambayarmu a ganina ita ce, bai halatta ba. Murhunka da kujerarka naka ne, in sun karye kai ka sani. Amma abin da zai ɗauki rai, ko amalanke, ko matakala, ko ƙarfen jan ruwa a bakin rijiya, haƙƙin mutane na kansa, kyakkyawar niyya kuwa ba ta riƙe ƙarfe. Kyauta ma ba hujja ba ce. Har ma ta fi haɗari, gama wanda aka yi wa alheri ba ya duba aikin, in ya ga abin da bai gamshe shi ba kunya ta hana shi magana. Saboda haka neman malami ga mai sha'awar walda ya wuce neman ƙarin gwaninta. Bashi ne da maƙwabta ke binsa.

Sai dai faɗi ya fi yi sauƙi. Ina dattijo mai shekara hamsin zai sami wanda zai koya masa? Tsarin gareji an yi shi don yara ne. Mai iyali ba zai bar aikinsa ya yi shekara uku yana sayo wa maigida shayi ba. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM da gwamnati ta buɗe a ƙananan hukumomi, akwai kuma asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'a, amma hankalinsu ya fi karkata ga samari masu neman abin yi, haka kuwa ya kamata. Mai sha'awa ya faɗa tsakani: ya girmi almajiranci, bai kuwa kai gwani ba.

Ga kuma girman kai, wanda shi ne babban shinge. Mutumin da yara ke durƙusa wa a lakkwal, yaya zai tsuguna gaban saurayin da bai gama aji shida ba, ya ji ana ce masa aikinsa banza ne? Shi ma saurayin nauyi yake ji. A ce dattijo ya kawo masa abin da ya liƙa. Ya juya shi, ya ga wuta ba ta shiga ba. Me zai ce? "Baba, ai kun yi ƙoƙari, wallahi ya yi kyau." Ladabi ya cika, ilimi bai wuce ba. Wannan ladabi namu abu ne mai daraja, amma a bakin wuta yana iya zama cuta. Tilas babba ne zai buɗe ƙofa, ya ce, "Malam, a nan kai ne gaba. Ka manta da furfurata, ka faɗa mini gaskiya." Ya kira shi Malam ɗin da gaske, gaban yaran gareji, don su ji. Mu da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci mun riga mun san wannan, kullum muna ganin kaka na koyon baƙaƙe wurin sa'ar jikanta, ba abin da ya ragu a jikinta.

Su ma masu gareji da nasu laifin. Akwai mai ganin duk wanda ya koya wa, kishiya ya yi wa kansa. Ba za a ce tsoronsa wauta ba ne. In malamin lakkwal na gyara ƙyaure kyauta a Durum, wani ya rasa jaka biyu ko uku da zai kai gida. Don haka bai dace mai sha'awa ya zo hannu rabbana yana neman a juye masa abin da wani ya sha ƙuna shekara goma kafin ya samu ba. Ya biya. Ya zo da sandunansa da guntayen ƙarfensa, a yanka masa kuɗin yini, ko ranar da ba lakkwal, ko bayan an gama girbi. Ya kuma yi alkawarin manyan ayyuka zai riƙa turo su gareji. In an yi haka, mai gareji ba shi da sauran uzuri. Wanda ya san maƙwabcinsa na liƙa amalanke ba daidai ba, aka roƙe shi ya gyara masa hannu da ladansa ya ƙi, ranar da amalanken ta kife yana da kaso a ciki.

Kada kuma a ɗauka duk mai gareji malami ne. Ku bi titunan Zandar ku gani, wasu da baƙin tabarau na kasuwa suke aiki, wasu rufe ido kawai suke yi su kau da kai. Hasken walda na ƙona fatar ido, ba a ji nan take, sai cikin dare mutum ya farka kamar an zuba masa rairayi. Hayaƙin ƙarfe mai ruwan tutiya, irin na kwanon rufi da wasu bututai, yana sa zazzaɓi da ciwon jiki. Duron da aka taɓa zuba fetur ciki, ko ya yi wata a bushe, tururinsa na nan, wuta na taɓa shi zai tashi. A nan sau da yawa mai karatu ya fi gwanin sani, domin ya karanta dalili, shi kuwa gwani sabo ya sa ya daina tsoro. Sai a yi musaya: wannan ya ba da hannu, wancan ya sayo gilashin walda na ainihi guda biyu, ɗaya nasa, ɗaya na yaron da ke riƙe ƙarfe, wanda shi ne kullum ake mantawa da idonsa.

Wajen zaɓen malami, kada a dubi yawan ƙyamaren da ya jera a bakin titi, fenti ke kansu. A tambayi masu amalanke da direbobin ƙauye, wa ke yin gyaran da ba a komawa. A nemi ganin aikinsa da ya yi damina uku yana bin hanyar rairayi da buhunan hatsi. In an same shi, ranar farko ba sabon abu za a roƙa ya koyar ba. A zo da guntayen ƙarfe biyu da aka liƙa a gida, waɗanda aka fi alfahari da su, a liƙe ta gefe ɗaya kawai. A ɗora bisa uwar maƙera, a ba shi guduma ya karya. In wuta ta shiga, ƙarfen zai lanƙwashe yana gardama kafin ya rabu, cikin karayar kuwa fari fes, babu rami. In ba ta shiga ba, bugu biyu zai ɓalle, a ga bakin ƙarfen yadda aka yanko shi, da baƙin datti kwance a tsakani. Manyan kamfanoni masu shimfiɗa bututun mai hoton ciki suke ɗaukar waldarsu da na'ura irin ta asibiti. Mu a Durum guduma muke da ita, guntayen ƙarfen kuwa ba su kai kuɗin goron safe ba.