Kunzugu: Tattalin Gida da Tsarkin Jiki

Godiya ta tabbata ga Allah (SWT), tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwana mata, maganarmu ta yau tana da nauyi a baki, amma Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Maganar kunzugu ce, da yadda mace za ta rage kashe kuɗi a kan audugar kanti ba tare da ta cutar da lafiyarta ko ibadarta ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, audugar mata ma ba a bar ta a baya ba, duk da cewa tun 2020 aka ɗauke harajin VAT daga wadda ake yi a Nijeriya. Mu yi lissafi: uwa da 'ya'yanta mata uku, kowace fakiti 2 a wata, fakiti 96 ke nan a shekara. In mun ƙaddara kowane a kan naira 1,000, an kashe naira 96,000. A Mahuta da sauran garuruwan noma na Kafur da Malumfashi, inda kuɗi ba sa shigowa sosai sai da kaka, kowa ta kwatanta wannan da kuɗin taki ko na makarantar yara. Abin tsoron shi ne, idan kuɗi suka gaza, sai yarinya ta wuni da auduga ɗaya, ko ta ɗauki tsumman da ta samu, ko ta ƙi zuwa makaranta. Wata ma, Allah Ya tsare, saurayi za ta roƙa.

Kada wata ta ɗauka kunzugu ƙauyanci ne. Matan sahabbai da ƙyalle da auduga suka yi amfani. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa lokacin da Hamnatu 'yar Jahshi (RA) ta kai kukan yawan jini, Manzon Allah (SAW) auduga ya fara nuna mata, da ta ce jinin ya fi ƙarfinta sai ya ce ta yi kunzugu. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, mata kan aika wa Nana A'isha audugarsu ta duba, ita kuma ta hana su gaggawa har sai sun ga farin kumfa. Alamar tsarki biyu ce, bushewa ko farin kumfa, kuma farin ƙyalle mai tsafta shi ya fi nuna su. Ga shi kuma Allah Ya ajiye mu a ƙasar auduga, wadda Funtua ta yi suna da ita. A Suratul Isra'i Allah Ya hana almubazzaranci, saboda haka tattalin abin da maigida ya kawo ibada ne in an kyautata niyya.

Kunzugun zamani ba shi da wuyar ɗinki. Yadin auduga mai taushi a sama, tawul ninki biyu ko uku a tsakiya, yadin da ruwa ba ya ratsawa a ƙasa, sai fiffike da maɓalli don ya kama ɗan kamfai. Duk mai keken ɗinki a unguwa za ta iya. Mace ta tanadi kamar guda 6 zuwa 8, in ta kula da su za su kai ta shekara ko fiye.

To amma fa, 'yar'uwa, sauƙin yana tare da sharaɗi. Kunzugun da bai wanku ba ko bai bushe ba yana jawo ƙaiƙayi da wari da ciwon sanyi, sai kuɗin da aka tara su ƙare a asibiti. Ga ƙa'idojin:

Na ɗaya, a canza duk bayan awa 4 zuwa 6, ko kafin haka in ya jiƙe.

Na biyu, a jiƙa shi da ruwan sanyi. Ruwan zafi dafa jini yake yi ya kama yadi. Sannan a cuɗa da sabulu. Bukhari da Muslim sun kawo hadisin Asma'u 'yar Abubakar (RA) a kan tufar da jinin haila ya taɓa: a kankare, a murza da ruwa, a ɗauraye, sai a yi salla da ita. A mazhabarmu ta Malikiyya ruwa tsantsa ke gusar da najasa, don haka ɗaurayar ƙarshe ta zama da ruwan da ba kumfa. Tabon da ya ƙi fita bayan an wanke ba ya cutarwa, kamar yadda aka faɗa wa Khaulatu 'yar Yasar (RA). Ba sai an zuba turare ko sinadarin goge tabo ba, fata suke ci.

Na uku, a shanya a rana har ya bushe ƙamas. Nan ne da yawanmu ke kuskure, kunya ta sa a cusa shi ƙarƙashin katifa ko bayan ƙyaure da danshinsa. In ido ake gudu, a rufa masa tsohon mayafi mara kauri a kan igiya. Mai tsoron kada a ɗauka a yi mata asiri ta shanya a inda take gani, ta riƙe azkar ɗinta, ta dogara ga Allah. Da damina, musamman watan Agusta, a bi shi da dutsen guga.

Na huɗu, a adana a jaka mai tsafta inda ba laima. Kowace mace da nata. Ko uwa da 'ya ba sa yin aro.

Audugar kanti halal ce, kuma tana da ranarta: tafiya, jinya, ko lokacin ƙarancin ruwa. Wadda kuma ta ga ƙaiƙayi, ko ruwa mai wari, ko jinin da ya wuce kwana 15, ta je asibiti, ta kuma tambayi malamai hukuncin sallarta.

Iyaye mata, mu zaunar da 'ya'yanmu mu koya musu tun kafin su fara gani, kada su koya a bakin ƙawaye. Mu kuma gaya wa mazajenmu cikin ladabi cewa sabulu da ruwa da yadin kunzugu suna cikin buƙatun gida. Ƙungiyoyinmu na mata da makarantun Islamiyya za su iya koyar da ɗinkinsa, ya zama sana'a ga zawarawa da sadaka ga marayu.

Allah Ya sa mu cikin masu tuba da masu tsarki, Ya yi wa abin hannunmu albarka. Wassalamu alaikum.