Koci da Shari'ar Majalisa

A unguwar Tsinga hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, FECAFOOT, take da ofishinta, kusa da Briqueterie inda Hausawan Yaounde suka fi yawa. A ofis ake ɗaukar koci a sallame shi, amma a teburin mai shayi da gaban tukubar mai tsire ake yi masa shari'a kowane dare. Tambayata ita ce: da wane mudu muke auna shi, kuma mudun na adalci ne?

Ranar 28 ga Nuwamban 2022, a gasar cin kofin duniya ta Katar, Rigobert Song ya yanke hukunci biyu. Kafin wasa da Sabiya ya ajiye mai tsaron raga André Onana bisa batun ɗa'a, ya sa Devis Epassy. Da aka dawo hutun rabin lokaci, ana cin Kamaru uku da ɗaya, ya sako Vincent Aboubakar, wanda ya ci ɗaya ya kuma ba da aka ci ɗaya, aka tashi uku da uku.

Hukunci na biyu da sakamako muka auna shi: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai yabo. Na farkon kuwa babu alƙaluman da za su raba gardamarsa. Wasu suna ganin yaron da ya ja da na gaba da shi, ko shi ne gwanin gwanaye, dole ya sauka. Wasu suna ganin babba juji ne, kamata ya yi ya haɗiye fushinsa don ƙasa. Duka ɓangarorin biyu tarbiyyar gida suke karewa da sunan ƙwallo, shi ya sa ko nasarar da aka samu kan Birazil da ci ɗaya bayan kwana huɗu ba ta kashe maganar ba.

Ina ganin wannan mudu na biyu ya fi kusa da adalci. Sakamako akwai rabo a cikinsa. António Conceição ya kai Kamaru matsayi na uku a kofin Afirka da aka buga a gida a farkon 2022, kuma da bugun fanareti Masar ta fitar da shi a filin Olembe bayan an tashi babu ci. Wata bai cika ba aka sauke shi. Da ƙwallo biyu sun shiga raga a daren nan, da wani labarin ake yi, alhali mutumin da tunaninsa ba su canza ba.

Sai dai mudun hali ma yana da ramin da ake faɗawa. Mu 'yan kallo ba mu shiga ɗakin sauya kaya ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna yafe wa Song abin da ba za mu yafe wa baƙo ba, don mun ga guminsa a rigar ƙasa. Wannan ƙauna ce, kada mu kira ta adalci.

Abin da za mu iya tambaya da gaskiya abu biyu ne: da abin da kocin ya sani a lokacin, shawararsa ta hankali ce? Kuma ya tsare mutuncin wanda hukuncin ya hau kansa? Haka nake so a auna ni a shagona da cikin iyalina, ranar da dabarata ta ƙi ci. Wanda yake son a yi masa wannan uzuri, sai ya fara yi wa mutumin da ke tsaye a bakin fili.